Da'irar da Ba a Zana Ba

Kakata ce ta koya mini jifa, kuma don awaki ta koya mini. A ƙauyenmu, can gefen Gidan Amumune, idan aka girbe gero, mu 'yan mata ƙanana ke bin awaki cikin kara. Akuya in ta nufi gonar waken da ba a ɗebe ba, ba a bin ta da gudu. Hoge ake ɗauka a jefa. Sai dai kakata tana da doka guda: ba akuyar ake jifa ba, ƙasar da ke gaban hancinta ake jifa. Hogen ya fashe, ta firgita, ta juyo da kanta.

"In kika same ta a jiki," in ji kakata, "gobe ba za ta tsaya ki tatse ta ba."

Shekara da shekaru ina yin haka, ban taɓa samun akuya a jiki ba. Ban kuma ɗauki abin a bakin komai ba. A gida mai sanyi ake ce mini. Ina da nawar tashi, ina da nawar cin abinci, in aka aike ni rijiya sai in tsaya kallon inuwata cikin ruwa har a biyo ni. Ba wanda ya taɓa yabon wani abu da jikina ya yi, sai dai ƙwaƙwalwata, don ina ƙoƙari a lakwal, wato makarantar boko.

Da na samu shiga lise, babbar sakandare, aka kai ni Tasawa wurin gwaggona. Ba ni kaɗai na tafi ba. Akwai ƙawata, 'yar ƙauyen da ke kusa da namu, wadda muka zauna benci ɗaya tun ajin farko. Mun raba allo, mun raba ƙuli-ƙuli, mun sha bulala rana ɗaya kan laifi ɗaya. Ita ba ta da kowa a Tasawa. Babanta ya roƙi wani ɗan kasuwa da ya sani sama-sama, mutumin ya karɓe ta. A gidan nan take kwana, a ɗakin 'yarsa, bisa tabarma kusa da ƙofa. Ita ke ɗebo ruwan gidan kafin a tafi lakwal, ita ke wanke-wanke in an dawo. Tana ce wa mutumin Baba, matarsa Hajiya, ɗiyarsu kuma Yaya. Ni ma Yaya nake ce mata, don ta girme mu da shekara biyu ko da yake aji ɗaya ta fi mu. Duk mun san abin da ba a faɗa: ranar da gidan nan ya gaji da ƙawata, ranar karatunta ya ƙare.

A shekararmu ta farko aka kawo sabon malamin wasanni. Siriri ne, mai saurin magana, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake ce wa malaman lakwal. Ya yi wani horo a Yamai wurin wasu baƙi, ya dawo da jaka guda: sanduna biyu masu kan tabarya, safar hannu ta fata guda shida ko bakwai, da ƙwallaye farare masu jan ɗinki. Ya ce sunan wasan besbol. Ya sa muka cika buhu huɗu da yashi, muka ajiye su kusurwa-kusurwa a filin bayan azuzuwa.

Ga yadda wasan yake. Ana rabuwa ekip biyu, wato ƙungiya biyu. Mai jifa tana tsaye a tsakiya. Mai sanda tana tsaye a buhun da ake kira gida. An jefa mata, ta buga, ta ruga buhun farko. In 'yan ekip ɗin mai jifa suka tsinci ƙwallon suka wurga wa mai tsaron buhun farko, ta cafe kafin mai gudu ta taka, to mai gudu ta fita. In mutum uku suka fita, zubi ɗaya ya ƙare, sai a yi musanya.

Ranar farko Mushe ya jera mu, kowa ta gwada jifa. Wasu sun jefa sama, wata ta kusa samun Mushe a kunne. Da aka zo kaina na dubi safar da ya riƙe daidai gwiwarsa, na ga kamar ƙasar gaban hancin akuya ce. Na jefa. Ya matsar da safar, na sake jefawa. Ya matsar, na sake. Sai da na yi sau goma sannan ya sauke safar.

"Ke, ina kika koyi wannan?"

"Wurin awaki, Mushe."

'Yan mata suka fashe da dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "To, a gaida awakin."

Jifana ba shi da ƙarfi. Abin da yake da shi, yana zuwa ƙasa-ƙasa, inda sanda ba ta jin daɗin samunsa. Mai sanda ta buga, ƙwallon ya yi ta gangara bisa yashi kamar ƙwai, a tsince shi, a wurga buhun farko. Ke nan duk aikina ya rataya ne a hannun wadda ke tsaron buhun farko. A ekip ɗinmu Yaya ce ta zaɓi wurin, don ba a yawan gudu.

Ɗaya ekip ɗin mai jifarsu wata doguwa ce 'yar cikin gari, mai ƙarfin damtse. Ita jifanta kamar majajjawa yake. Ko dai a kasa taɓa shi, ko ya yi nasa wuri.

Wata Laraba da yamma Mushe ya tara mu ƙarƙashin bedi, itacen dogon yaro. Ya ce bayan wata biyu za a yi taron makarantu a Maradi, an ba shi izinin kai ekip ɗaya ta 'yan mata su nuna wasan. Zai tsinto daga cikinmu duka. Mai jifa kuwa ɗaya zai ɗauka, don mota ɗaya ce.

"Kuma ba da idona zan zaɓa ba," in ji shi. "Idona yana iya son kai. Rabin lokaci ma ina can wurin maza. Lissafi za a yi."

Ya zana a ƙasa da tsinke. Ya ce kada mu dubi wa ya ci wasa, ci na ekip ne gaba ɗaya. Mai jifa aikinta guda ne, kada ta bari mutum ya taka buhu. Duk wadda ta buga da kyau ta isa buhu, a ja ɗan layi tsaye, sanda ɗaya, ƙarƙashin sunan mai jifa. Duk wadda aka jefa wa baragurbin jifa sau huɗu har ta tafi buhu kyauta, a ja sanda. A ƙarshe a tara sandunan, a raba da yawan zubin da ta yi jifa.

"Mwayen ce, matsakaicin maki, irin ta jarrabawar kilas. Sai dai ta juye. A kilas kuna so ta hau, nan ana so ta sauka."

Wata daga baya ta ce, "Mushe, to ni na daɗe da iya wasan nan. Tawa kullum ƙasa take."

Sai da ya bari aka gama dariya, sannan ya ɗaga tsinken. Ya ce saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuya. In ƙwallo ya riga mai gudu isa, mai tsaro ta sake shi ya faɗi, wannan ba laifin mai jifa ba ne. Ba a ja mata sanda. Da'ira ake zanawa gaban sunan wadda ta saki.

"Kowa da kayansa. Wa ke da rubutu mai kyau, kuma ba ta wasa?"

Ni na ɗaga hannu. Ni na faɗi sunan ƙawata. Tana da takardar likita saboda ciwon ƙirji, kullum tana zaune bisa tushen bedi tana kallonmu. Rubutunta kamar an jera tsabar gero. Na ce, "Mushe, ita ko ɗigo ba ta mantawa." Ta harare ni cikin wasa, ta buɗe kayenta na istuwar, littafin da take rubuta darasin tarihi, daga baya, ta ja layuka da regil ɗinta ta awo.

Watannin nan biyu su ne mafi daɗi da na yi a Tasawa. Laraba da yamma ba a shiga kilas. Rana tana karkata, inuwar bedi tana miƙowa har buhun gida, ƙwallon yana da ɗumi a tafin hannuna. Kafin kowane jifa akwai ɗan shiru, kamar wanda ake yi kafin a buɗe tukunya. A cikin shirun nan ni kaɗai ke da magana. Mai sanyi ce ke tsaye a tsakiya, kowa na jiran ta, kuma ba mai cewa ta yi sauri.

Yaya kuwa tana sakin ƙwallo. Ba muguwa ba ce, kada a fahimce ni ba daidai ba. Kyakkyawa ce mai fara'a, tana ba mu turare, tana kare mu in manyan 'yan aji suka taso. Amma tana tsoron farcenta, kuma in ƙwallo ya taho sai ta runtse ido. Ya shiga safar, ya fito, ya faɗi gaban ƙafarta.

"Yaya, man shanu aka shafa ma safar nan?" in ji mai tsaron buhu na biyu.

"Ke rufe mani baki. Ƙwallon ne ke da santsi."

"Santsin a wurinki kaɗai yake zuwa?"

Sai a yi dariya, ni ma in yi. Ban damu ba. Nakan waiga in ga ƙawata ta sunkuya bisa kaye tana rubutu, in ce a raina da'ira ce, ba tawa ba ce. In koma in jefa wa ta gaba.

Ina da wani ƙaramin kaye nawa da ba wanda ya sani sai ƙawata. Tun ina kolej, kafin lise, nake rubuta 'yan layuka a ciki, abin da na gani da abin da na ji. Kowace Laraba in na dawo nakan rubuta wani abu. Launin yamma, ƙarar sanda, wa ta faɗi, wa ta yi kuka. Ba don hujja nake rubutawa ba. Don kada ranar ta ɓace ne.

Mushe ya ce duk wadda ke sa ran tafiya sai ubanta ya sa hannu tun da wuri. Na aika gida da saƙo sau biyu ba amsa. Rannan ranar kasuwa sai ga babana a ƙofar lakwal, da rawaninsa da sandarsa, ya biyo motar 'yan kasuwa tun daga can. Bai taɓa shiga lise ba. Aka ba shi benci, ya zauna a bakinsa kamar mai shirin tashi.

"Mi ake jifa?" ya tambayi Mushe.

"Ƙwallo, Baba."

"Wa ake jifa?"

"Ba kowa. Kusa da mutum ake jefawa, ba a taɓa shi."

Babana ya dube ni ta saman rawani. Na ga idonsa ya ƙanƙance, alamar yana murmushi a ciki.

"To wannan ta iya shi. Uwata ta koya mata."

Ya karɓi bik, wato biro, ya rubuta sunansa da ajami, a hankali, harafi-harafi. Da zai tafi ya ce mini, "In kin je Maradi ki duba da kyau. Kakarki za ta tambaye ki komi." A gidanmu ba macen da ta taɓa wuce Tasawa.

Saura kwana biyar a tafi Mushe ya karanta sunaye. Ƙawata ta tara masa lissafin a takarda guda, ya duba, ya sake rabawa da kansa a allo. Mwayen ɗin doguwar nan ɗaya ce da ɗori. Tawa ta haura biyu. Ya kira sunan doguwar. Ya kira sunan Yaya a buhun farko, ya ce ita kaɗai ce ba ta da da'ira ko ɗaya, a tafa mata. Aka tafa, wasu na ƙunshe dariya, suna tsammanin ba'a yake yi. Ni ban ma ji wannan maganar da kyau ba. Hannuna nake kallo. Na juya shi ciki, na juya shi baya. Na nemi idon ƙawata, na ishe tana goge regil da bakin hijabinta.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu, na yarda. Na yi imani da lissafi fiye da idona. Na ce ashe mafarki nake, ashe duk shirun nan da daɗin nan ni kaɗai ke jin su, mutane suna ta wucewa ta gabana ban lura ba, kamar yadda aka saba. Washegari na ce wa gwaggo kaina ke ciwo, na kwanta na juya wa ƙofa baya.

Da la'asar na tashi, don an yi darasin istuwar ba ni nan, kuma akwai jarrabawa. Na je gidan su Yaya. Na ishe ƙawata tana daka a tsakar gida.

"Ara mani kayenki in kwafa."

"Shina cikin sak ɗina, ɗauka." Tabarya ta sauka sau biyu. Sai ta ce, "Tsaya..."

Na tsaya, na riga na zaro kayen daga jakar. Hajiya tana zaune bakin ɗaki tana tsince shinkafa. Ƙawata ta dube ta, ta dube ni.

"Ba komi. Tahi."

A rumfar gwaggo na kwafe darasin tsaf. Sannan na juya kayen ta baya, don kawai in ga inda na lalace. Sanduna ne ɗaure biyar-biyar kamar damin kara. Da'irori kuma ga su nan ko'ina, zagayayyu, masu kyau, kowace an rufe bakinta. Mai tsaron buhu na biyu tana da su. 'Yan ɗaya ekip ɗin kowa da nata. Na bi layin sunan Yaya da yatsa, shafi bayan shafi, Laraba bayan Laraba. Fari fat.

Na shiga ɗaki na ɗauko ƙaramin kayena. A Larabar da aka yi sanyi sosai na rubuta: "Yau ƙwallo ya zo wa Yaya sau uku kamar baƙo mai sallama, sau uku ta hana shi wurin zama." Na duba ranar a kayen ƙawata. Ba da'ira. Ƙarƙashin sunana kuwa sanda biyar, alhali na tuna mutum biyu ne suka buga mini da gaske. Na duba wata ranar, haka. Na duba wata.

Daga sandunana ban cire komai ba sai abin da na rubuta da hannuna a ranarsa, ban da wanda na tuna kawai. Na ɗauki gawayi na raba a bayan murfin tukunya. Na goge na sake. Na sake na uku. Duk ukun abu ɗaya suka ba ni: tawa tana ƙasa da ta doguwar, kuma ba kusa ba.

Da sassafe na same ta a famfon unguwarsu. Mata biyu ne gabanta, na jira suka cika suka tafi. Ta sa bidonta, jarkar da take ɗebo ruwa, ruwa ya fara zuba.

"Ina kwana. Ya kan?"

"Ya yi sauƙi." Na miƙa mata kayen, ban sake shi ba. "Ina da'irar Yaya?"

Ba ta ɗago ba. Ruwan take kallo.

"Ba istuwar kika ce za ki kwafa ba?"

"Na kwafa. Ina da'irar Yaya?"

"Mi kike so in yi?" Muryarta ƙasa-ƙasa, tana waigen ƙofar gidansu. "Kayen nan a ɗakinta shike kwana. Duk Laraba sai ta buɗe shi ta nuna ma Hajiya. In zana mata sifiri gaban sunanta, in dawo in sa hannu cikin tuwon ubanta? Ke gidan gwaggonki kike. Ko kin fasa tukunya ɗiya ce ke."

"To ki bar wurin ba komi. Don mi kika aza mani?"

"Mushe shina ƙirga waɗanda suka taka buhu. Duk wadda ta taka sai an ce ta hannun wa. Dole a aza ma wani."

"Sai ni."

"Wallahi na ɗauka ko da su za ki ci. Kin fi ta nesa. Na ce uku ko huɗu ba za su taɓa ki ba. Sai suka yi ta taruwa."

"Ita ta sa ki?"

"Ba ta ma sani ba. Ita tsammani take ta iya."

Har zuwa nan ina jin tausayinta. Na san tabarmar nan ta bakin ƙofa, na san hannunta da ya tsattsage saboda ruwan sanyi. Da ta yi shiru a nan, ina jin da mun yi kuka tare mun wuce wurin. Amma ta ɗago ta dube ni, har da ɗan murmushi, irin wanda muke yi wa juna tun muna yara.

"Kuma ke ba ki hushi. Na ce ko kin gani za ki gane. In da wata ce, da ta tara mani mutane."

Ruwa ya cika bidon ya fara zuba ƙasa. Ni na kai hannu na rufe famfon.

Ashe zaɓa ta yi. Ta duba filin nan duka, ta nemi wadda za a ɗora wa kaya ba ta yi ƙara ba, ta same ni, don ta fi kowa sanina. Sanyin nan nawa da ake yi mini gori a kansa, ita kaɗai ce na ɗauka tana son sa. Ashe ta auna shi ne, ta ga zai iya ɗauka.

"Za ki kai ma Mushe?" ta tambaya. Kafin in buɗe baki ta ba kanta amsa. "Ba za ki kai ba." Ta naɗe gammo ta aza a ka, ta durƙusa. "Aza mani, na makara."

Na aza mata. Har yau in na tuna nauyin bidon nan a hannuna sai in ji haushin kaina, amma na aza mata, na kuma gyara mata shi ya zauna daidai.

Kayen yana hannuna, ba ta karɓa ba. Da aka fita hutun safe na nufi ɗan ɗakin da Mushe ke ajiye kayan wasa. Kaye biyu a ƙirjina, nata da nawa. Na shirya abin da zan faɗa. Shafi uku kawai zan buɗe masa, shi mutum ne mai son gaskiyar lissafi, kafin azahar zai gyara. Zai kira ƙawata gaban mutane. Zai cire Yaya. Yaya za ta koma gida da kuka, Hajiya za ta tambayi dalili, kafin Juma'a a ɗaure wa ƙawata kayanta a sa ta motar kasuwa.

Na ishe shi yana shafa wa safar hannu mai.

"A'a, mai awaki. Mi ne ne?"

Na tsaya. Shirun nan ne na kafin jifa, kowa na jira, magana tawa ce. Na daɗe a cikinsa.

"Na zo in ce Allah shi kiyaye hanya, Mushe."

"Amin." Ya ajiye safar. "Kada ki karaya. Ni kaina na yi mamaki, idona ke ya zaɓa. Shi ya sa ban yarda da shi ba. Baɗi in Allah ya kai mu."

Baɗi aka yi masa canjin wurin aiki. Jakar ta tafi tare da shi, buhunan suka yage, yashin ya koma ƙasa.

Ranar tafiyar ina ƙofar gidan gwaggo, wanda ke kallon babbar hanya. Motar ta wuce a hankali saboda amalanken shanu. Na ga doguwar, na ga Yaya da sabon kallabi. A tagar baya na ga ƙawata. Ba wanda ya gaya mini da ita za a je. Mushe yana bukatar mai rubutu, kuma wa ya kai ta tsabtar aiki? Ta ɗaga mini hannu. Hannuna ya ɗaga da kansa.

Ta kawo mini tsaraba, kaye mai kauri da bango mai ruwan bula, ta ce don waƙoƙina. Na ce na gode. Yana nan cikin akwatina, ban taɓa sa masa bik ba. Ba mu yi faɗa ba. Mun ci gaba da gaisawa har muka gama lise, ta yi karatunta ta gama lafiya a gidan nan, ni ma na ji daɗin haka. Benci kawai na sauya. Da ta tambaye ni dalili na ce allo ne ba na gani da kyau daga can.

Da aka ba da hutu na koma gida. Na ishe babana bakin garke yana gyaran igiya. Labari ya riga ni isa, amma ya jira na gaishe shi, na sha ruwa, sannan ya yi magana, idonsa bisa igiyar.

"An ce wata aka ɗauka."

"I, Baba."

"Hannun ne?"

Na yi niyyar gaya masa. Amma shi da baban ƙawata sahu ɗaya suke sallar Juma'a, kuma magana in ta fita daga gidanmu sai ta isa Tasawa kafin ni.

"Hannun ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. Bai ƙara tambaya ba, a ranar ko bayanta. Kakata ma ba ta tambaye ni komai game da Maradi ba.

Da yamma na karɓi awaki daga hannun ƙanwata na ce ta huta. Kakata tana zaune gindin gawo tana kaɗi. Wata jar akuya ta ware ta nufi rumbun maƙwabta. Na sunkuya na zaɓi hoge mai tauri, na dubi ƙasar gaban hancinta, na ga wurin sarai. Na jefa. Ya same ta a haƙarƙari, har sai da ta yi ƙara ta durƙusa da ƙafar gaba.

Kakata ta tsayar da mazari. Ta dubi akuyar, ta dube ni, ta daɗe tana dubana.

"Zo nan," ta ce. "Zauna. Wa ya taɓa ki?"